Ya za a yi tsoffin ɗalibanmu su daina ɓace mana?

Malama_R: Jama'a a ban shawara don Allah. Ina koyarwa a wata makarantar jeka-ka-dawo ta Yahudawa a New York, yara na gama aji 12 sai su watse, wasu Isra'ila shekara ɗaya karatun addini, wasu jami'a, shikenan shiru kake ji, abin na damuna sosai.

Tsohon_ɗalibi: Malama ku kira taro lokacin hutun Pesach, wato bikin Yahudawa na tunawa da fitowarsu daga Masar, yawancinsu suna gidan iyaye.

Maman_biyu: Gaskiya ne. Ko ku haɗa musu abincin daren Shabbat, wato ranar hutun Yahudawa ta mako-mako da ke farawa da yammacin Juma'a, tunda masu kiyayewa ba sa taɓa waya hira ake yi sosai, kuma a gayyato tsoffin malamansu don su suke kewa.

Tsohon_ɗalibi: Kowane aji da gurup ɗinsa na WhatsApp. Amma kar saƙon farko ya zama na neman gudummawa, guduwa za su yi.