Na ɗora Ubuntu kusa da Windows, amma GRUB ba ya nuna mini Windows

Mutari, Birni

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni ɗalibi ne a jami'ar nan ta Damagaram, kuma ina neman taimakon waɗanda suka san aikin GRUB, wato ƴar manhajar da ke ba mutum zaɓin babbar manhajar da za ta tashi idan ya kunna kwamfuta. Kwamfutata Dell Latitude ce ta hannu, mai diskin SSD na gigabait 256, kuma da Windows 10 ta Faransanci na saye ta. Darasinmu na rubuta manhajoji yana buƙatar Linux, shi ya sa na rage sashen Windows, na ware gigabait 60, na ɗora Ubuntu 24.04, wadda nau'in Linux ce, a wurin daga filash. Aikin ya kammala lafiya ba tare da wani gargaɗi ba, amma tun daga lokacin, da zarar na kunna kwamfutar sai ta zarce cikin Ubuntu, ba ta nuna mini jerin zaɓin da ake cewa GRUB yana kawowa, balle in ga sunan Windows. Kundin kammala karatuna da duk takardun da na tara suna can cikin Windows. Wani mai gyara ya ce mini babu mafita sai a goge diskin gaba ɗaya a sake komai, ni kuwa hankalina bai kwanta da wannan ba. Shin Windows ɗin tana nan ko ta tafi, kuma yaya zan sa GRUB ya riƙa tambayata wadda nake so tsakanin biyun?

Malam Lawali, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yarda a goge komai, domin ɓacewar suna daga jerin zaɓi ba ta nufin Windows ta ɓace daga diski. Kafin ka taɓa wani abu, buɗe manhajar fayiloli ta Ubuntu, ka nemo babban sashen nan na Windows, ka kwashe kundinka da takardunka zuwa filash. Sai ka gama wannan za mu shiga maganar gyara.

Bayan nan ka buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni a cikinta, ka rubuta `lsblk -f`, ka kawo mana abin da ya fito, saboda mu san yadda aka raba diskin. GRUB ba ya gano sauran manyan manhajoji da kansa. Wata ƴar manhaja ce mai suna os-prober take zagaya sassan diski ta sanar da shi abin da ta gani. Tun daga GRUB 2.06 da ya fito a 2021, masu shi sun bar os-prober a kashe sai wanda ya kunna da hannunsa, kuma Debian 12 ma ta bi wannan tsari. Don haka ka rubuta `sudo nano /etc/default/grub`, ka tabbata akwai layin `GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false`, ka mayar da `GRUB_TIMEOUT_STYLE` ya zama `menu`, ka sa `GRUB_TIMEOUT=10`, ka adana, sannan ka ba da umarnin `sudo update-grub`. Kada ka gyara `/boot/grub/grub.cfg` da hannu, domin duk lokacin da aka sabunta tsarin ana sake rubuta shi, gyaranka ya tafi a banza. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: sake kunna kwamfutar, ka riƙa danna F12 da zarar tambarin Dell ya bayyana, ka duba ko akwai Windows Boot Manager a cikin jerin da zai fito.

Mutari, Birni

Na gode ƙwarai, Malam, Allah ya saka da alheri. Takarduna suna nan cif, kuma na kwashe su, sai dai na lura sashen Windows ɗin yana barina in karanta amma ba ya barina in ajiye sabon abu a ciki. Na gyara fayil ɗin kamar yadda kuka ce, yanzu jerin GRUB yana fitowa, amma Ubuntu kaɗai ke cikinsa, kuma `sudo os-prober` bai fitar da ko harafi ɗaya ba. Ta F12 kuwa na ga Windows Boot Manager, na zaɓe shi, Windows ta tashi kamar yadda na bar ta. Abin da `lsblk -f` ya nuna, kowane sashe da sunan tsarin fayilolinsa, shi ne sashen vfat ƙarami a farko, sai wani ƙarami marar suna, sai ntfs babba, sai ntfs ƙarami, sai wani ɗan mitsitsi shi ma marar suna, sannan ext4 na Ubuntu.

Malama Habsatu, Zango

Salamu alaikum. Malam Lawali ya shimfiɗa hanya daidai, kuma abin da Mutari ya kawo ya isa a gane inda matsalar take. Ɗan'uwa, rubuta `ls /sys/firmware/efi` a taminal. Ina kyautata zaton zai ce maka babu wannan wuri, kuma idan haka ne, to Ubuntu ɗinka ta tsohuwar hanyar BIOS aka ɗora ta, wadda kwamfutar ke kira Legacy, alhali Windows ɗinka ta hanyar UEFI take tashi. Kana iya tabbatar da ɓangaren Windows idan ka buɗe `msinfo32` ka duba layin Mode BIOS, inda za ka ga an rubuta UEFI.

Bari in ɗan faɗaɗa, domin nan ne mutane da yawa suke ɓata lokaci suna gyara fayilolin da ba su da laifi. A tsohuwar hanya, kwamfuta tana karanta bait 512 na farkon diski ne, ta miƙa ragama ga ɗan shirin da ta tarar a wurin. A hanyar UEFI kuwa, akwai sashe na musamman mai tsarin FAT32, wanda shi ne vfat ɗin da ka gani a farko, yawanci megabait 100 idan Windows ce ta ƙirƙire shi, kuma kowace babbar manhaja tana da jakarta a ciki. Ta Windows tana `EFI/Microsoft/Boot`, inda fayil ɗin `bootmgfw.efi` yake, ta Ubuntu kuma da an ɗora ta daidai da tana `EFI/ubuntu`. Kwamfutar tana zaɓar ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu tun kafin GRUB ya farka, kamar direban da ya riga ya ɗauki hanyar Magarya, wanda ba zai sauke ka a Tanut ba komai roƙon da ka yi masa a cikin mota. GRUB ɗin da ya tashi ta Legacy ba shi da ikon kunna fayil na `.efi`, shi kuma os-prober ba ya ma leƙa sashen UEFI idan ya ga ba ta wannan hanya aka tashi ba. Dalilin shirun da ya yi maka ke nan. Ɗan mitsitsin sashen nan marar suna da ka ambata kusa da ext4 shi ne shaida ta biyu, domin GRUB na Legacy ne yake buƙatarsa a kan diski mai tsarin GPT, wato tsarin raba diski da ke tafiya da UEFI.

Yadda hakan ke faruwa kuwa shi ne, idan aka danna F12, filash ɗaya yakan fito sau biyu, ɗaya a ƙarƙashin Legacy, ɗaya a ƙarƙashin UEFI, kuma wanda aka zaɓa shi ne ke yanke yadda za a ɗora Ubuntu. Tunda Ubuntu ɗinka sabuwa ce, shawarata ita ce ka sake ɗora ta. Ka shiga saitin kwamfutar da F2, ka bar ta a kan UEFI kaɗai, ka kashe zaɓin Legacy, sannan ka tashi daga filash ɗin. Kafin ka fara ɗorawa, ka sake gwada `ls /sys/firmware/efi` daga cikin filash ɗin, ka ga ya nuna maka fayiloli. Idan ka zo wurin raba diski, ka zaɓi yi da hannu, ka nuna tsohon sashen ext4 a goge shi ya zama `/`, sashen vfat kuma ya zama `/boot/efi`. A nan nake roƙonka ka buɗe ido sosai: kada ka sa alamar gogewa a kan sashen vfat ɗin. Idan aka goge shi, Windows Boot Manager ɗin da ka gani ta F12 ya tafi, kuma dawo da shi sai da filash na Windows da umarnin `bcdboot`. Haka kuma ka tabbata batirinka a cike yake, domin ka san yadda wuta take yi mana a lokacin zafi, kuma mutuwar kwamfuta ana tsakiyar rubuta diski ta fi matsalar da kake ciki yanzu muni nesa ba kusa ba.

Isufu, Garin Malam

Ina tare da Malama a kan gano cutar, amma ina ganin ba dole ba ne a sake ɗorawa. Ana iya tashi daga filash ta UEFI, a shiga Ubuntu ɗin da ke kan diski ta umarnin `chroot`, a saka `grub-efi-amd64-signed` da `shim-signed` a madadin `grub-pc`, a ƙara sashen vfat a cikin `/etc/fstab`, a yi `grub-install` da `update-grub`, shi ke nan. Wanda ya riga ya kashe kuɗin intanet wajen sauke manhajoji da sabuntawa ba zai so ya maimaita ba. Ga kuma abin lura ga masu allon rubutu na AZERTY irin namu: GRUB yana ɗaukar allon a matsayin na Amurka ne, saboda haka idan ka sami kanka a gaban `grub>` ka danna A zai rubuta Q, ka danna Z ya rubuta W.

Malam Lawali, Sabon Gari

Hanyarka tana aiki, Malam Isufu, kuma ita zan bi da kwamfutar da aka daɗe ana aiki da ita. Amma ga wanda yanzu yake sanin taminal, kuskuren harafi ɗaya a sunan sashe yana iya jawo asarar da ta fi kuɗin intanet, don haka na fi natsuwa da shawarar Malama Habsatu.

Ƙanena, game da sashen da ya hana ka ajiya, wannan aikin Démarrage rapide ne. Tun daga Windows 8, idan ka ce ta mutu ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana ajiye halin da take ciki a kan diski ne domin ta yi saurin tashi, Ubuntu kuwa idan ta tarar da sashen a haka sai ta ƙi rubutu a kansa don kada ta lalata shi. Ka shiga Windows, ka buɗe Invite de commandes da izinin mai gudanarwa, ka rubuta `powercfg /h off`, sannan ka kashe ta. Ka yi wannan kafin ka sake ɗora Ubuntu. Tunda ka iya karanta takardunka daga Ubuntu, BitLocker, wato makullin da Windows ke rufe diski da shi, ba ya kunne a diskinka, kuma wannan sauƙi ne, amma masu karatu da nasu yake kunne su rubuta lambar ceto mai alƙaluma 48 a takarda kafin su taɓa saitin tashi, domin Windows tana iya neman ta da zarar ta ga an sauya hanyar da aka saba tayar da ita. Secure Boot kuma, wato tsaron da ke hana tashin manhajar da ba a sa wa hannu ba, ba sai an kashe shi ba, domin Ubuntu tana tashi ta `shimx64.efi` wanda Microsoft ta sa wa hannu.

Mutari, Birni

Alhamdu lillahi, Malama, yadda kika faɗa haka na tarar, babu `/sys/firmware/efi`. Na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, yanzu GRUB yana nuna Ubuntu a sama, Windows Boot Manager a ƙasa, kuma dukansu suna tashi. Sashen Windows ma ya karɓi ajiya. Tambayoyi biyu suka rage mini. Na fi yawan aiki da Windows a kwanakin nan saboda rubutun kundi, ko akwai yadda GRUB zai riƙa tuna wadda na shiga ta ƙarshe? Sannan duk lokacin da na fito daga Ubuntu na shiga Windows sai in tarar agogo ya koma baya da awa ɗaya daidai. Jiya ana kiran sallar La'asar amma kwamfutar tana nuna saura awa guda.

Malama Habsatu, Zango

Madalla, ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar kundi. Ta farko, ka koma `/etc/default/grub`, ka mayar da `GRUB_DEFAULT=0` ya zama `GRUB_DEFAULT=saved`, ka ƙara layin `GRUB_SAVEDEFAULT=true` a ƙarƙashinsa, ka sake duba layukan da Malam Lawali ya ba ka tunda sabuwar ɗorawa ta maye gurbin tsohon fayil ɗin, sannan ka yi `sudo update-grub`. Wannan yana da amfani na musamman lokacin da Windows take sabunta kanta, domin takan sake tashi fiye da sau ɗaya, kuma ba ka so ta faɗa cikin Ubuntu aikin bai ƙare ba. Idan wata rana bayan sabuntawa ka ga kwamfutar ta zarce Windows ba tare da GRUB ba, tsarin fifiko ne ya sauya kawai. Ka shiga F2 ka mayar da ubuntu saman jerin, ko ka duba lambobin da `efibootmgr` ka jera su da `sudo efibootmgr -o`. Idan kuwa saitin yana yawan komawa yadda yake kuma kwanan wata yana rikicewa, sai a duba ƙaramin batirin da ke kan babban allon da ke cikin kwamfutar, domin a kwamfutocin da aka riga aka yi aiki da su yakan zo a gajiye.

Ta biyu, agogon cikin kwamfuta ɗaya ne, amma kowace manhaja da yadda take fassara shi. Ubuntu tana rubuta lokacin UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, a cikinsa ta ƙara awa ɗaya wajen nuna maka, tunda Nijar tana gaban UTC da awa ɗaya, ita kuwa Windows tana ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gida. Ka shiga Ubuntu, ka tabbata agogonta daidai yake kuma yankin lokaci yana kan Niamey, sannan ka rubuta `sudo timedatectl set-local-rtc 1`. Idan ka duba da `timedatectl` za ka ga gargaɗi cewa wannan tsari yana iya kawo ruɗani, amma ruɗanin ya fi shafar ƙasashen da ke sauya agogo tsakanin rani da hunturu irin su Faransa, mu kuwa ba ma sauyawa. Bayan nan ka shiga Windows ka duba, idan da saura ka daidaita agogon sau ɗaya daga saitinta.