"Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba": zargi ce ko shaida?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata karin magana aka jefe ni da ita, kwana biyu ke nan tana ci mini rai. Akwai wasan kwaikwayo mai dogon zango da nake bi a talabijin tun ina 'yar makaranta, yau sama da shekara ashirin. Da mahaifiyata muka fara kallonsa, Allah ya jiƙanta. Shekaranjiya muna kallo da ƙanwata, sai ga wani da aka yi wa jana'iza a shirin shekara shida da suka wuce ya turo ƙofa ya shigo, wai ashe bai mutu ba. Na ce kai, shirin nan ya lalace, da can ba haka yake ba. Sai ta ce, "Yaya, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba." Don ta rufe mini baki ta faɗa, na kuwa yi shiru. Amma da na kwanta sai na ga kamar maganar ni ta gaskata. To ai shi na ce, ban ji daɗin bana ba! Shin karin maganar nan laifin mai tunawa take gani, ko shaida take ba shi?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kin yi tambaya mai kyau, amsar kuma tana cikin ginin jimlar. Bahaushe bai ce "ba zai ji daɗin bana ba". Cewa ya yi "bai ji ba". Rashin jin daɗin ya riga ya faru, shi ne ya jawo tunawar. Manomin da rumbunsa ya cika bana ba za ki ji yana ba da labarin damunar bara ba, aikin gabansa ya ishe shi. Wanda damuna ta yi wa gardama shi ne mai cewa "bara war haka". Saboda haka asalin maganar gano halin mutum take yi, kamar likita ya ga alama ya faɗi ciwo. Ba ta hana tunawa ba, ba ta kuma ce bara ta fi bana ba. Abin da ta tabbatar kawai shi ne mai maganar yana cikin rashin daɗi yanzu.

Auta:
Malam, da girmanka, a nan ne nake ganin ƙanwar Anti tana da hujja. Ka ce maganar ba ta ce bara ta fi ba. To shi ke nan ai. Masu cewa tsohon zango ya fi, me suke tunawa? Kashi goma ko ashirin da suka girgiza su: ranar aure, ranar da asiri ya tonu, ranar da wance ta mutu. Sauran ɗaruruwan da aka yi ana jan magana ba a ce komai ba duk sun zube daga kai. Sai a ɗauko waɗannan zaɓaɓɓu a gwada da kashin jiya da daddare, wanda ba a tace ba. Wannan ba adalci ba ne.

Wani lokacin ma ba yadda za a yi a koma a duba. Guiding Light na Amurka ya fara a rediyo a 1937, ya koma talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 2009, shekara 72. Amma yawancin kason farko-farko babu su. Wasu kai tsaye aka haska su, wasu an goge faifan an ɗauki wani abu a kai, don faifan yana da tsada a lokacin. Sai wajen ƙarshen shekarun 1970 aka fara adanawa sosai. Wanda ya ce maka na 1960 ya fi, daga zuciyarsa yake karanto maka, ba mai iya ƙaryata shi, ba mai iya gaskata shi.

Dattijo:
Ɗana Auta, ka yi magana, amma ba duka ba ne mafarkin tsofaffi. Akwai abin da ake ƙirgawa da yatsa. Ɗauki Coronation Street na Ingila, wanda ya fara ranar 9 ga Disamba 1960 kuma har yau ana yi. Kusan shekara talatin sau biyu a mako ake nuna shi. A 1989 aka mai da shi uku, a 1996 huɗu, a 2002 biyar, a 2017 shida. Unguwa ɗaya ce fa, titi guda, gidaje 'yan kaɗan. Labarin da a da ake ɗaukar wata uku ana dafa shi, yanzu sai a cinye shi a mako uku, a nemi wani. Ina marubuci zai samo? Dole ya ƙona gida, ya kifar da mota, ya kawo mai kisa. Ga 'yan wasa an ƙara yawansu don a cike lokaci, kana fara sabawa da fuska sai ta ɓace.

A da za ka ga mata biyu zaune minti biyar suna zancen maƙwabciya, ba abin da ya fashe, amma ka tashi ka san halin kowacce kamar 'yar ɗakinku. Wannan shi ne abin da ya ragu, kuma dalilinsa a fili yake. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗalibar Adabi:
Baba, na yarda da lissafinka, amma ina da ja a kan zumar. Yadda na san ana amfani da ita, ana faɗarta ne idan sabon hannu ya gaza aka koma wa wanda ya daɗe a harkar, ko aka koma wa tsohuwar dabara. Wato tsohon abin yana nan, za a ɗauko shi a yi aiki da shi yau. Tsohon zangon shiri kuwa ya wuce, ba a ɗauko shi. Inda za ta zauna daidai shi ne idan masu shiri suka ga masu kallo na guduwa suka dawo da tsohuwar jaruma ko tsohon marubuci. Nan kam an yi magani da tsohuwar zuma.

Sannan abin da ya ɓata wa Anti rai, tayar da matacce, ba sabon ciwo ba ne. A shirin Dallas na Amurka an kashe Bobby, ɗaya daga cikin jaruman labarin, a 1985, bayan shekara guda aka dawo da shi aka ce duk abin da aka nuna a zangon nan mafarkin tsohuwar matarsa ne. Shekara guda cur ta masu kallo aka share. Wannan a 1986 ne, lokacin da mutane da yawa ke kira zamanin zinare. Masu shirin EastEnders na Ingila ma sun kashe wani jarumin labarin mai suna Den a 1989, suka dawo da shi a 2003. Ashe bara ma tana da nata fari.

Dattijo:
'Yata, na karɓi gyara a kan zumar, kin fi ni gaskiya. Amma fa jama'a ma shaida ce. Shi wannan EastEnders ɗin, a ranar Kirsimetin 1986 mutum sama da miliyan 30 suka kalli kashin da Den ya miƙa wa matarsa takardar saki. Yau wane shiri ne zai tara haka?

Ɗalibar Adabi:
Babu, Baba, ko da mala'iku ne suka rubuta shi. A 1986 tashoshi huɗu ne kacal a Birtaniya, babu intanet, babu waya a hannun kowa. Gida guda, akwati guda, abin da babba ya kunna shi kowa zai kalla. Adadin nan yana nuna ƙarancin zaɓi kamar yadda yake nuna kyan shiri.

Mai Aikin Dare:
Ni ba malama ba ce, amma ku bar ni in sa baki. Akwai kalma guda a rubutun Yaya da ba wanda ya taɓa: mahaifiyarta. Ni ma haka na taso, mu shida a gaban akwati ɗaya, kakarmu tana yi wa mugun shirin faɗa kamar yana jin ta, ana tafiya talla mu ruga mu gama aike mu dawo. In kashi ya wuce ka, ya wuce, sai dai a ba ka labari gobe. Yanzu ni kaɗai nake kallo a waya, lokacin hutun aiki, da abin ji a kunne, ina tsallake inda ya gundure ni. Ko da shirin bai canza ko kaɗan ba, ɗakin da nake kallonsa ya canza. Idan na ce na da ya fi, rabi shirin nake nufi, rabi mutanen da babu su.

Shi ya sa nake ganin karin maganar ba ta dace a faɗa wa mai irin wannan kewa da gatse ba. Gaskiya ce, amma gaskiyar da ya kamata a faɗa da tausayi.

Auta:
Allah ya jiƙan magabata. Ban yi tunanin wannan ɓangaren ba. Sai dai har yanzu ina da tambaya: wanda ya shekara goma yana cewa shiri ya lalace amma bai taɓa fashin kashi ɗaya ba, shi ba "sabo turken wawa" ba ne?

Mai Aikin Dare:
A'a ƙanena, kalmar ta yi nauyi. Turken wawa ana faɗarsa ne ga wanda sabo ya ɗaure a inda ake cutar da shi, yana gani ya kasa tashi. Wanda ya san mutanen shiri shekara ashirin, ya ga an haifi yarinya a ciki har ta yi aure, ba wauta ke zaunar da shi ba. Ɗan wasa William Roache yana fitowa a matsayin Ken Barlow a Coronation Street tun kashin farko na 1960. Akwai waɗanda suka fara ganinsa suna yara, yau suna da jikoki. Irin wannan zumunci ne, mutum yana ƙorafin ɗan'uwansa amma ba ya daina zuwa gaishe shi.

Malamin Hausa:
Auta, ina tare da ita. Ita karin magana ba ma'anarta kaɗai ake dubawa ba, har da bakin da ta fito da kunnen da ta shiga. Mu koma kan ta farko. Na san ta a wurare uku. Mutum yakan faɗa wa kansa, yana amsa cewa yau ta yi masa tsanani. Akan faɗa a bayan wani, don a fahimci dalilin yawan zancen da da yake yi, misali attajirin da ya karye. Akan kuma faɗa wa mutum a fuskarsa, a nan ne take zama tsokana ko rufe baki. Na ukun shi ƙanwar Hajiya ta yi. Ba ta karya maganar ba, amma ta ɗora mata aikin da ba nata ba, domin maganar ba ta yanke hukunci tsakanin bara da bana. In tana son ta kare sabon zango, "in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza" ta fi kusa da nufinta: masu kallo sun canza, tashoshi sun yi yawa, dole mai shiri ya bi. Ita kuma Hajiya tana da amsa a hannu, "waiwaye adon tafiya". Mai waiwaye bai tsaya ba, tafiyarsa yake yi.

Abu guda zan ƙara. Shi irin wannan shiri ba mutum ɗaya ke riƙe da shi ba. Furodusa ya tafi wani ya zo, marubuta su sauya, sunan yana nan amma hannun daban. Don haka "na da" ba abu ɗaya ba ne. Ku tambayi mutum biyar yaushe ne shirin ya fi daɗi, za ku ga kowa ya nuna shekarun da ya fara kallo. Barar Dattijo daban, barar Hajiya daban, kuma wannan bana da ake kuka da ita, ita ce barar Auta nan da shekara ashirin.

Dattijo:
Haka ne Malam. Ni kaina na tuna lokacin da nake ganin shirin da nake bi ya kai ƙarshen kyau, yayata tana cewa ya lalace tun da wata jaruma ta fita. Amma ban janye maganar yawan kashi ba.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na nemo wani tsohon kashi a intanet, na kira ƙanwata muka zauna. Abin da na gani zan faɗa tsakani da Allah. Hoton ya dushe, sautin yana shaƙewa, akwai inda aka rufe ƙofa bangon ɗakin gaba ɗaya ya motsa. Akwai wani saurayi da na ɗauka gwani ne a da, ashe haddar magana kawai yake zubawa. Auta, a nan ka yi gaskiya.

Amma akwai wurin da uwa ta gane ɗanta ne ya ɗauki kuɗin da ta ɓoye. Ba ta yi ihu ba, ba a sa kiɗa ba. Ta ci gaba da ninke kayan wanki, ta ninke rigarsa, ta warware, ta sake ninkewa, shi yana tsaye a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Kyamara ba ta gusa ba kusan minti biyu. Ƙanwata da ta zo da waya a hannu sai na ga ta kife ta a cinya. Baba Dattijo, wannan shi ne abin da kake faɗa, kuma na daɗe ban ga irinsa a sabon zango ba.

Daidai wurin nan ne Mama takan ce, "Ku duba hannunta, ku bar fuskar." Na faɗa wa ƙanwata, don ita tana goye a lokacin, ba ta san Mama na faɗar haka ba. Ta ce in mayar da wurin baya. Sau uku muka kalla. Ta ce in nemo kashi na gaba kafin Asabar, ita kuma ta sa ni alkawarin ba zan bar kallon na yanzu tare da ita ba.