Shawarwari kan ƙirƙirar jarumi a wasan Dungeons & Dragons

Wasa ne na ba da labari a kan tebur, inda kowane ɗan wasa ke taka rawar jarumin da ya ƙirƙira. Abin da gogaggun 'yan wasan suka fi nanatawa shi ne kada a fara da lambobi. A fara da tambayoyi uku: me jarumin yake nema, me yake tsoro, wa yake binsa bashi? Amsoshin nan su ke ba mai jan ragamar wasa abin da zai ɗora labari a kai.

Sai a zo kan makin halaye shida na jarumi: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. A tsarin dokokin wasan na 2014 ana raba musu maki 15, 14, 13, 12, 10 da 8. Kowa na ɓoye wannan 8 ɗin inda ba za ta dame shi ba, kuma a nan ake asara. Ka ɗora ta a kan basira, ka ga mayaƙin da kowane ɗan damfara a kasuwa ke yi wa wayo. Abokan wasanka za su fi tunawa da shi.

Tarihin jarumi kada ya wuce rabin shafi, don mai shafi goma ba wanda ke karanta shi. Maraya mai zaman kaɗaici kuwa, an gaji da shi: ba ya da dalilin bin tawaga, wasan sai ya tsaya cak. Ka ba shi ƙanwa ko tsohon maigida da ke raye.

Sauya murya don kwaikwayon jarumin ba dole ba ne. Ɗabi'a ɗaya ta isa, kamar ƙirga kuɗinsa sau biyu kafin ya biya.