Masmak, ginin ƙasa

Ɗan Baɗaha:
Da sunan Allah na ɗauko baiti,
'Yan uwana ku matso kusa.
Na shiga Masmak a tsakiyar Riyad,
Fada guda, ginin ƙasa.
Hasumiya huɗu, kowace kusurwa
Ta ɗau guda ta miƙa bisa.
Ƙyauren icen dabino ne babba,
Da 'yar ƙofa a tsakiyarsa.
Tsinin mashi na nan ya karye,
Tun 1902 a jikinsa.

Inna ta Manfuha:
Ɗana, ka ga mashi ka wuce,
Ba ka faɗi mai jifansa.
Ɗan Jiluwi, mayaƙin Abdul'aziz, ne ya auna Ajlan, gwamnan gari,
Ya kauce, ƙyaure ya amsa.
Abdul'aziz, mai kafa Saudiyya, daga Kuwait ya taso
Da 'yan tsirarun mazajensa,
Da asuba ya karɓe Riyad,
Garin uba da kakansa.
Nan ya mai da rumbun makamai,
A 1938 ya koma Murabba, fadarsa.

Baba Magini:
Inna, ku bar zancen mashi,
Ku sa hannu ku shafa bangonsa.
Tubali ne, an kwaɓa da ciyawa,
Kamar na Kano, ƙasar Hausa.
Waje rana na ƙona ƙeya,
Ciki sanyi har cikin zaurensa.
Ga rijiya, ga masallaci,
Ga rufin ice an jera a samansa.
A 1995 ya zama gidan tarihi, aka buɗe wa kowa,
Har yara na zagayensa.
Mu ko soron kaka muke rushewa,
Bulo da kwano ake ta gasa.
Wannan abu na ci mini rai,
Wallahi ba na faɗa da wasa.

Ɗalibin Jami'a:
Baba, Allah ya ja zamaninka,
Ina da uzurin mutanen ƙasa.
Najadu, yankin Riyad, ruwanta kaɗan ne,
Damina tamu kan ci bango ta fasa.
Yaɓe duk shekara kuɗi ne,
Talaka ya gwada ya kasa.

Baba Magini:
Gaskiyarka, yaro, amma ka ji,
Ruwa ma da maganinsa.
A sa indararo, a shafe makuba,
A ɗora azara mai kyau bisa.
Gidan Makama na tsaye a Kano,
Damina nawa ta wuce kansa?
Magina ne ke ƙarewa,
Ɗa ba ya koyo gun ubansa.

Inna ta Manfuha:
To Baba, jikokina zan kawo,
Nan aka haife su, gida ya yi nisa.
Ka nuna musu yadda ake tubali,
Ni zan ba su labarin mashinsa.