Akta ya daina shan duka: muhawarar zauren gidanmu kan finafinan Indiya na faɗa

Daren Juma'a ne abin ya tashi a zauren WhatsApp na danginmu, inda ba a saba ganin komai ba sai sanarwar biki da ta'aziyya. Auta ne ya jawo, don shi ya tura wa Baffa fim a waya.

Baffa: Salamu alaikum. Auta, fim ɗin nan da ka tura min, Jawan, na kalle shi har ƙarshe don kada ka ce ban ba shi haƙƙinsa ba. Ya ci min kusan awa uku. Kunnena har yanzu ƙara yake. Na faɗa a gida, yanzu ga shi na faɗa a gaban kowa: finafinan faɗa da Indiya ke yi yanzu babu daɗin kallo a cikinsu. Hayaniya ce da wuta.

Auta: Wa alaikumus salam. Haba Baffa! Fim ɗin da ya tara sama da rupi biliyan 10 a duniya? A shekarar 2023 sau biyu Shah Rukh Khan ya yi haka, Pathaan a watan Janairu, Jawan a Satumba, yana da shekara 57. Duk mutanen nan kuɗinsu suka ba da don a cika musu kunne?

Baffa: Ko tankar mai ce ta faɗi a hanya jama'a na taruwa.

Ɗan Goggo: Baffa ya fara da ƙarfi yau.

Baffa: Ku tsaya ku ji dalilina, kada ku ce tsufa ne. Lokacin da na kalli Sholay na 1975 a Plaza, sinimar ba ta da rufi, ana sanyi, amma na yi gumi. Me ya sa? Saboda bos ɗin fim ɗin, Amjad Khan, an nuna maka abin da zai iya. Ya kashe iyalan mutum, ya sare masa hannaye biyu. Don haka duk inda ya bayyana gabanka faɗuwa yake yi, ka san ba wasa ya zo ba. Kuma a ƙarshe Amitabh ya mutu. Akta ya mutu, Auta! Muka fito muka bi hanya a ƙasa har gida, babu wanda ya ce wa wani uffan. A Deewaar ma, shi ma na 1975, haka ya mutu, ƙaninsa ɗan sanda ne ya harbe shi. To a naku na yanzu, tun daga minti na farko na san ko jirgi ne ya faɗo wa akta a ka zai tashi ya karkaɗe riga. In ba ka jin tsoron abin da zai same shi, me kake kallo?

Goggo: Gaskiyarka Yaya. Ga shi babu waƙar kirki. Da in an sha faɗa sai a huta da waƙa, har ka haddace ta ba ka san ma'anarta ba.

Auta: Goggo, da girmanku, amma na da ɗin ma cike suke da abin dariya. A Amar Akbar Anthony na 1977 ba maza uku aka kwantar a asibiti ba, jininsu ya bi roba ya haɗu wuri guda ya shiga jikin mahaifiyarsu kai tsaye, ba gwaji ba komai? Wannan ba ƙarya ba ce? Sai yanzu da mota ta tashi sama ne aka ga ƙarya?

Goggo: Ni kuwa a wurin nan na yi kuka.

Baffa: Ka ji ko? Ta yi kuka. Ƙarya ce, ban musa ba, amma ta taɓa zuciya. Motar taku wa ta sa kuka?

Malama: Baffa, ina neman izini in shiga. Ina ganin kun haɗa abu biyu a buhu ɗaya. Akwai finafinan akta mai dukan mutum hamsin, akwai kuma na miyagun laifuka, kuma a na biyun abin da kuke nema yana nan da ransa. Tun daga Satya na 1998, wanda Ram Gopal Varma ya yi kan 'yan dabar Mumbai, salon ya sauya. Babu kwalliya, ɗakuna ƙunci, mutum na cikin dariya da abokai sai a harbe shi. Ɗaya daga cikin marubutansa, Anurag Kashyap, shi ya zo ya yi Gangs of Wasseypur a 2012, kashi biyu, sama da awa biyar in an haɗa. Labarin gaba ne tsakanin gidaje a yankin Dhanbad, inda ake haƙar kwal, daga kaka zuwa ɗa zuwa jika. Wanda kake ɗauka shi ne akta, Manoj Bajpayee, a ƙarshen kashi na ɗaya aka buɗe masa wuta a gidan mai. A can bindiga ma ƙin tashi take yi, mai bin wani a guje ya gaji ya tsaya yana haki. Sai dai akwai ashar da yawa, ban ce a kalla da yara ba.

Baffa: Ban san wannan ba. To me ya sa Auta bai tura min shi ba?

Auta: Baffa, da wane bakin zan tura muku fim mai ashar?

Malama: To ga wanda za ku kalla tare da Goggo, Drishyam na 2015. Ajay Devgn mai sana'ar haɗa wa mutane tashoshin talabijin ne a Goa, karatunsa bai wuce aji huɗu ba. Iyalinsa suka faɗa cikin kisan da ba su yi niyya ba, yaron da ya mutu kuma ɗan babbar jami'ar 'yan sanda ne. Mutumin nan bai ɗaga wa kowa hannu ba, shi ake duka ma. Da rasit ɗin otal da tikitin mota da na sinima ya yi yaƙinsa. Na kalle shi ina gyara takardun jarrabawa, da na farga jan birona yana ƙasa, takarda ɗaya na duba.

Ɗan Goggo: Malama, shi ma Drishyam ɗin ai aro ne. Asalinsa da harshen Malayalam aka yi shi a 2013, Mohanlal ne jarumin. Abin da nake so in faɗa tun ɗazu ke nan. Mu nan komai "Indiya" muke ce masa, amma rabin abin da ake muhawara a kai daga kudu ya zo. Ghajini na 2008, wanda ya fara tara rupi biliyan 1 a cikin gida a finafinan Hindi, daga Tamil aka ɗauko shi. Wanted na Salman Khan a 2009 daga Telugu. Singham na 2011, na darakta Rohit Shetty da motocinsa suka yi suna wajen tashi sama, daga Tamil. Jawan ɗin da Baffa ya kalla, daraktansa Atlee ɗan Tamil ne. KGF kuwa Kannada ne, Pushpa Telugu, fassara su aka yi zuwa Hindi. Mumbai ta ga kudu na kwashe mata 'yan kallo sai ta bi sahu. Wannan tafiya a hankali da akta ke yi, iska na kaɗa masa gashi, ganga na dukan ƙirji, an ƙara mata ƙarfi ne saboda gasa da kudu.

Baffa: Ko daga Zandar suka ɗauko, ni dai ban ji daɗi ba.

Ɗan Goggo: Allah ya huci zuciyar Baffa, Damagaram ba ta yi muku komai ba. Amma bari in faɗi gaskiya, mu nan Maraɗi in ba da fassarar Hausa ba ne yawancin matasa ba sa ma karɓa a wurin masu turawa. Irin ta Algaita. Rabin dariyar daga bakin mai fassara take fitowa, ya sa wa bos baƙar magana irin ta 'yan tasha. Na taɓa kallon wani fim ba fassara bayan na kalle shi da Hausa, sai na ji kamar miya ba gishiri.

Auta: Shi ya sa ban yarda da hukuncin mutanen Maraɗi ba. Kai mai fassara kake kallo.

Ɗan Goggo: Kai kuma da ka iya Hindi, fassara mana "na gode".

Auta: Shukriya. Saura kuma?

Goggo: Ku bar wasan taubasantakar nan, ni akwai abin da ya dame ni. Kwanaki na shiga ɗaki na tarar da jikokina sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Na leƙa, sai ga wani mai gemu da gatari a wani dogon lungu yana saran mutane, jini har bango. Na ce wane ne wannan? Suka ce Ranbir Kapoor. Na ce ɗan wa? Suka ce ɗan Rishi Kapoor. Yaya, ka ji fa! Rishi Kapoor da muke ce wa Mace saboda laushinsa da rawarsa, ɗansa ne da gatari.

Baffa: Ikon Allah. Ɗan Mace?

Auta: Animal ke nan, na Disamban 2023. Kuma Baffa, bos ɗin fim ɗin Bobby Deol ne, ɗan Dharmendra.

Baffa: Ɗan Sarkin Ƙarfi ne bos, ɗan Mace ne akta? Wa ya yi nasara?

Auta: Ɗan Mace.

Baffa: To duniya ta juya.

Malama: Goggo, wannan fim ɗin ko a Indiya an yi ta ce-ce-ku-ce a kansa, musamman yadda jarumin ke wulaƙanta matarsa ana nuna shi kamar gwarzo. Hukumar tace finafinansu ta ce na manya ne kawai, tsawonsa awa 3 da minti 21. Amma mai turawa a bakin kasuwa ba ya tambayar shekarun yaro, kuɗinsa kawai yake karɓa. Ni a nan na rabu da Auta. Na kalle shi, ban ga nishaɗi a cikin mutum yana gallaza wa mace ana buga masa kiɗan yabo ba.

Auta: Yaya, ban kare wannan ɓangaren ba. Faɗan gatarin dai an tsara shi, ko maƙiyi ya yarda. Kuma Jawan da Baffa ya kira hayaniya ya taɓo manoman da bashi ke sa su kashe kansu, da asibitin gwamnati da yara suka mutu saboda babu iskar numfashi. Ba duka kawai ba ne.

Baffa: Ya taɓo, ya wuce a guje don a koma harbi. Na gani.

Malama: Akwai wani abu kuma, Baffa, kada ku ce na yi rashin kunya. Sholay kun kalle shi cikin ɗaruruwan mutane, ana ihu ana tafi, kuna saurayi. Jawan kun kalle shi ku kaɗai a waya, da abin saurare a kunne, bayan isha'i. Irin waɗannan finafinan don taro ake yin su. A Indiya in akta ya fito sai a yi ta fito, wasu har rawa suke tashi yi a gaban allo. Wannan tafiyar hawainiya da ta gundure ku, an sa ta ne don a ba jama'a lokacin ihu.

Baffa: Wannan magana ce, 'yata, na karɓi rabinta. Amma bara na sake kallon Deewaar a wannan wayar dai, ni kaɗai, bayan isha'i, kuma ya riƙe ni har ƙarshe.

Malama: To a nan ba ni da amsa.

Auta: Ni ina da ita. Baffa, sharaɗinku shi ne akta ya sha duka, a ji masa tsoro, ko? Akwai Kill, ya fito a 2024. Kusan gaba ɗayansa cikin jirgin ƙasa mai zuwa Delhi ne, bai kai awa biyu ba. Soja da abokinsa ne da gungun 'yan fashi a lungun taragu, inda ko hannu ba ka iya miƙewa sosai. Ana dukansa har ya faɗi, ana soka masa wuƙa, kuma abin da ya shiga jirgin don ya kare bai kuɓuta duka ba. 'Yan fashin kuma dangi ne, in ya kashe ɗaya sai ka ga ɗan'uwansa ya durƙusa yana kuka a kan gawar. Har sai da na rasa wa zan tausaya wa.

Goggo: Jini fa?

Auta: Goggo, ke kam kada ki kalla.

Baffa: Ɓarawo yana kukan ɗan'uwansa? Wannan sabo ne a wurina. Amma ban janye maganata ba, fim ɗaya ba ya wanke sauran. Akwai waƙa?

Auta: Babu rawa dai.

Baffa: Hmm. Nawa zai ci min a waya? Jawan ɗinka ya cinye wurin, har hotunan bikin jikata sun ƙi sauka.

Auta: Ku goge shi, gobe bayan la'asar zan zo da shi a filashi.

Baffa: Ka haɗo da na mai haɗa tashoshin talabijin ɗin nan, mu kalla da Goggonka.