Wanda ya taɓa cike gurbin kasko, tangaran ko mutum-mutumin da ya fashe ya ba mu labari

Uwar Biyu, Kano: Salamu alaikum 'yan uwa. Kaskon turaren da na gada wajen kakata ya faɗo daga kan kabad ya rabu uku. Na tsince manyan, amma wani yanki na bakinsa, kamar faɗin yatsa biyu, ya zama gari. Da me ake cike irin wannan?

Maginiya, Suleja: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki kuskura ki cusa ɗanyen yumɓu. Ba ya kama gasasshe, kuma da ya bushe sai ya tsuke ya faɗo. Ni idan aka kawo mini irinsa, nakan gina yankin daban, in bar shi ya ɗan fi gurbin girma saboda wuta za ta rage shi, in gasa, sannan in yi ta gogawa a dutse har ya zauna. Aiki ne mai cin rai. Gina sabon kasko ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba.

Ma'aikacin gidan tarihi: Gaskiyar Baba ce. Mu a wajen aiki, kakin da likitocin haƙori ke amfani da shi muke tausasawa a ruwan ɗumi, mu danna a gefen bakin da yake lafiya ya ɗauki siffarsa, mu matsar da shi kan gurbin, mu zuba filasta, wato POP. Kafin nan sai mun shafe bakin karayar da wani gam mai suna Paraloid B-72, don kada farin filastar ya shige cikin tsingaron. Amfanin gam ɗin shi ne asiton, sinadarin da ake goge fentin farce da shi, yana narkar da shi, wanda zai zo bayanmu zai iya warware aikin. Aibinsa kuma, yana fara laushi a zafi wajen digiri 40, kun kuwa san Afrilunmu. Na taɓa tarar da tulun da aka haɗa ya saki a ɗakin ajiya mai rufin kwano. Uwar Biyu, in har za ki ci gaba da zuba garwashi, wannan hanya ba taki ba ce. Launi kuma da gangan muke barinsa ya ɗan fi na asali haske: daga nesa ya saje, wanda ya matso ya gane ciko ne.

Hajiya Mai Jere, Zariya: Malam, wannan ƙa'idarku ce ta gidan tarihi. Ni farantin tangaran na kayan jerena na kai gyara, na ce ban son ko kishiya ta gano wurin.

Ɗalibin tarihi, Jos: Hajiya, naki farantin kina da 'yan uwansa a kabad, an san kamanninsa. Matsala tana inda babu abin kwaikwayo. Mutum-mutumin Nok, tsofaffin gumakan gasasshen yumɓu na tsakiyar Najeriya, kusan duk a farfashe ake tono su. Masu binciken Jami'ar Frankfurt ta Jamus da suka fara tono a 2005 haka suka yi ta samu. Na tsaya gaban wani kai da gefen fuskarsa ya tafi, aka bar shi haka, ban ji ya ragu da komai ba. Masu sayarwa a ɓoye su ne ke haɗa kan wannan da jikin wancan su shafe da ƙasa. A aji ma an nuna mana hoton Laocoön, wani tsohon mutum-mutumin dutse wanda aka tono a Rum a 1506 babu hannun dama. Aka sassaƙa masa sabo a miƙe sama. A 1906 wani masanin kayan tarihi, Ludwig Pollak, ya gano hannun asali, ashe a lanƙwashe yake. Kusan shekara 400 mutane suna kallon hasashen wani.

Mai zane, Maraɗi: Ni na Jafanawa na gwada, kintsugi, inda ake bin tsagar da zinare a fito da ita fili, kamar ɗinkin gyartai a jikin ƙwarya. Su ruwan itacen urushi suke sawa, ya yi makonni yana bushewa. Ban same shi a nan ba, sai na kwaɓa gam mai haɗi biyu da hoda mai ruwan zinare na cike bakin kofi. Ya yi kyau, amma inda gam ɗin ya zarce ya koma rawaya da shan rana. Ban kuma shan shayi da shi, alƙaluma nake zubawa.