Ɗana ya ɓace a wurin biki, mai gadi ya ce shi motoci yake tsaro

Maman Amir, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati biyu ke nan abin nan yana cina a rai. Mun je dinar ɗiyar yayata a wani ɗakin taro cikin garin Katsina, ba zan kama suna ba. Na tafi da Amir, shekararsa uku da wata huɗu. Ana cikin liƙi aka kira dangin amarya, na miƙe na bar shi gefen ƙanwata, ita kuma ta ɗauka ya biyo ni. Ko da na dawo kujera, babu yaro.

Na leƙa ƙarƙashin tebura, na duba bayi, na ruga bakin get. Mai gadi na zaune kan benci. Na ce, "Baba, don Allah ka ga wani ɗan yaro ya fita da shadda ruwan toka?" Ya ce yara nawa suka fita tun magariba, shi motoci aka sa shi tsaro. Na ce to a tura get ɗin har a gan shi. Ya ce ba shi da wannan iko sai manaja, manaja kuma ba ya nan. Na koma ciki na roƙi mai riƙe da makirfo ya yi cigiya, ya ce in ɗan bari a gama yanka kek. Wallahi har yanzu idan na tuna wannan magana sai jikina ya ɗauki rawa.

Sai bayan kusan minti arba'in wani yaron maƙwabtanmu ya hango shi a tsallaken titi, zaune a teburin mai shayi da guntun burodi a hannu. Mai balan-balan ya bi, ya tsallake kwalta shi kaɗai da dare. Mai shayin ya ce ya zaunar da shi ne don ya san masu shi za su fito nema. Allah ya saka wa bawan Allan nan da aljanna.

Ban wanke kaina ba, sakacina ne farko. Amma wurin da ya karɓi kuɗin haya mai yawa, a ce babu mutum ɗaya da ya san abin da zai yi idan yaro ya ɓace? Duk wanda irin haka ta taɓa samu, don Allah ya faɗa mana yadda aka yi.

Goggon Yara:

Allah ya ƙara tsarewa ɗiyata. Amma ku ji tsoron Allah ku bar zuwa da ƙananan yara dinar dare. Mu da muka yi namu bukukuwan da rana tsaka cikin gida, kowace tsohuwa a zaure ta san ɗan wane ne ya gifta.

Ɗan Agaji, Ƙofar Marusa:

Maman Amir, sannu da wannan tashin hankali. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin agaji, kuma ban tuna sallar da muka tashi ba mu tsinci yaro ba. Filin idi da sauƙi, don mutane na zaune a sahu. Inda ake shan wuya shi ne Ƙofar Soro lokacin jahi, da washegari ranar Hawan Bariki. Dawaki na taso wa sai jama'a su ja da baya gaba ɗaya, a nan hannun yaro ke suɓucewa daga na yayarsa. Kuma mafi yawan waɗanda muke tsinta ba da iyayensu suka zo ba. An haɗa ɗan shekara huɗu da 'yar shekara tara an ce su je kallon hawa.

Abin da manyanmu suka koya mana: idan ka tsinci yaro kada ka yi ta yawo da shi. Ka tsaya inda ka gan shi, ka ɗora shi a kafaɗa, don mai nema nan zai fara dawowa. Idan an jima ba a zo ba sai a kai shi inda muke da lasifika. Wahalar ita ce tambaya. Ka ce wa yaro mi sunan babanka, ya ce Abba. Ina ne gidanku, ya ce can. Don Allah iyaye ku koya wa yaranku cikakken sunan uba da sunan unguwa kamar yadda kuke koya masu Fatiha. Yaron da ya iya cewa Rafin Daɗi ko Sabuwar Unguwa ya rage mana rabin aiki.

Sai abu na biyu, wanda ya fi tsaya mani a rai. Ba ma miƙa yaro ga duk wanda ya ce nasa ne. Wata sallah mun tsinci yarinya, muka yi shela, wata mata ta zo da kukanta ta ce ɗiyarta ce. Yarinyar kau sai ta ƙanƙame wandona. Shugabanmu ya ce, "Hajiya, mi sunanta?" Ta faɗi wani suna, yarinya ba ta waiga ba. Ya ce ta zauna a kira mai gidanta. Kafin mu ankara ta sulale cikin taro. Uban yarinyar ya zo bayan la'asar, tana hango shi ta zabura. Tun ranar idan zan yi cigiya ba na faɗin sunan yaro a lasifika, kaya da kimanin shekaru kawai nake faɗa, sunan kuma in ji shi daga bakin mai nema. Wanda ya tuna yaran Kano da aka sace aka gano a Anacha cikin 2019, an sauya masu suna har wasu sun manta Hausa, ba zai ce mun cika bincike ba.

Baban Zahra, Daura:

Ni a Sallar Gani abin ya same ni. Mun fito daga wajen rijiyar Kusugu muka nufi Kangiwa, ina riƙe da Zahra, tana shekara biyar lokacin. 'Yan bindiga suka saki wuta, hayaƙi ya turnuƙe, mutane suka watse. Da hayaƙin ya lafa sai na ga hannun wata yarinya daban nake riƙe da shi. Na yi ta kiran sunanta har muryata ta dishe, ga tambura ga algaita, wa zai ji ka.

Wani dogari ne ya tsince ta. Ya riƙe ta har aka tashi daga hawa, da bai ga kowa ba ya miƙa ta gidan mai unguwa. Ni kau ina can ina zagaya asibiti da ofishin 'yan sanda. Wani dattijo ne ya ce mani, "Yaro, ka je gidan mai unguwa tukuna?" Na ishe ta ta ci tuwo ta yi barci cikin jikokinsa. An ma riga an yi cigiyarta a masallaci bayan sallar magariba. Mai unguwa bai ba ni ita ba sai da aka tashe ta ta ce Abbana ne, ya kuma rubuta sunana da unguwarmu a wani littafi.

Abin da na lura, dogarin nan babu wanda ya ba shi takarda cewa yaran mutane na wuyansa. Ya dai san duk abin da ya faru a ƙofar fada da sunan Sarki za a faɗe shi. Su masu ɗakunan taron nan na zamani, su ma ai da sunan wurinsu za a faɗa.

Mai Atamfa:

Ku ji ta ɓangaren wanda ya tsinta kuma. Bara na ga yaro yana kuka a layinmu cikin kasuwa, na kama hannunsa zan kai shi ofishin shugabannin kasuwa. Ban yi taku ashirin ba uwar ta hango mu ta kwarma ihu, "Ɓarawon yara!" Kafin in buɗe baki an yaga mani riga, wani ya ɗauko katako. Ba don maƙwabtan shagona sun rugo sun ce wane ne, shekararsa ashirin a layin nan ba, da yanzu wani labarin ake. Daga baya matar ta ba ni haƙuri tana kuka, na yafe mata, na san zafin ɗa ne.

Ban fasa taimako ba, amma na sauya hanya. Yanzu a bakin shago nake zaunar da yaro inda kowa ke gani, in kira maƙwabta biyu su shaida, sannan in aiki yaron shagona ya kai rahoto. Shi ya sa na ce mai shayin nan na Maman Amir ya san duniya. Kuma da yawa masu gadi da ke noƙewa, wannan tsoron na cikin ransu.

Yaya Hadiza, daga Amurka:

Ni 'yar Ƙofar Guga ce, aure ya kawo ni nan. Na yi aiki a wani babban kanti, kuma a satin farko aka koya mana abin da suke kira Code Adam. Sunan wani yaro ne, Adam Walsh, ɗan shekara shida da aka sace daga wani kanti a jihar Florida a 1981, daga baya aka gano an kashe shi. Kantunan Walmart suka fara tsarin a 1994, wasu wurare suka ɗauka.

Ga yadda yake. Uwa na cewa ba ta ga ɗanta ba, ma'aikacin da ta fara gaya wa, ko mai shara ne, shi zai karɓi kamannin yaron: shekaru, kalar kaya, har takalmi. Suna matsawa a kan takalmi don mai sata na iya sauya wa yaro riga cikin bayi, amma da wuya ya tsaya sauya takalmi. Sai a sanar a lasifika, wasu ma'aikata su tsaya a kowace ƙofa suna duba duk yaron da zai fita, sauran su ajiye aikinsu su bazu nema. Idan minti goma ta cika ba a gan shi ba, a kira 'yan sanda. Sau biyu aka yi a gabana, duka biyun an ga yaran kafin minti biyar, ɗaya ma cikin rataye-ratayen kaya ya ɓuya.

Ba na'ura ba ce, ba kuɗi ake kashewa ba. Kowa dai ya san inda zai tsaya, kuma ba ya jiran manaja.

Maman Biyu:

Ko a Harami ai ana ɗaura wa yara abin hannu mai lambar wayar iyaye. Tun da na dawo Umra nake rubuta lambar babansu a ɗan ƙyalle in maƙale da fil cikin aljihu duk ranar hawa.

Sista, ma'aikaciyar jinya:

A asibitin da nake, ranar rigakafi wata ta ba maƙwabciyar zamanta jariri ta shiga bayi, ta fito babu mata babu jariri. Shugabarmu ba ta tsaya tambaya ba, ta aika aka rufe get duka biyu. Masu motoci suka yi ta hon, wani har da zagi. Ta ce ko wane ne ya jira. Minti kaɗan aka ga matar wajen mai ruwan leda, jaririn ne ya yi ta kuka ta fita jijjiga shi. Ba ta da mugun nufi. Amma ban taɓa jin wanda ya ce shugabarmu ta yi kuskure ba. Mata, ko da minti ɗaya ne, ma'aikaciya mai inifom za ku ba riƙo.

Mai Gadi:

Hajiya Maman Amir, ki yi haƙuri in ce wani abu, don aikina ke nan shekara shida. Ban goyi bayan abin da dattijon nan ya yi maki ba, ko ba komai ya tashi tsaye ya taya ki dubawa. Amma batun rufe get, ni na taɓa yi. An ce waya ta ɓace a wani taro, na tura ƙofa, motar wani babban mutum ta tsaya minti uku. Washegari aka yanke mani albashin kwana biyar, aka ce in na sake a bakin aikina. Awa goma sha biyu nake yi ni kaɗai, babu oba-oba, lambar manaja kuma sau da yawa ba ta shiga. Ranar da aka ɗauke ni an nuna mani yadda ake duba but ɗin mota da inda ake ajiye makulli. Babu wanda ya taɓa ce mani ga abin da za ka yi idan yaro ya ɓace.

In mai wuri ya tara mu ya ce, duk wanda uwa ta zo wa da cigiya ya rufe ƙofa minti goma, ni na ɗauki laifin, wallahi babu mai gadin da zai zauna kan benci. Mu ma muna da ɗiya a gida.

Tsohon Sufeto:

Kada wanda ya ce maku sai an kwana ɗaya kafin a kai rahoton ƙaramin yaro. Ku je ofishi mafi kusa nan take, ko ku kira 112, wani kuma ya tafi gidan mai unguwa da gidan rediyo. A tura mutum tasha ya gaya wa 'yan kamasho, su ne ke ganin duk wanda ya hau mota da yaro mai kuka. Ku riƙa ɗaukar yaro hoto da kayan da ke jikinsa kafin ku fita taro, don na sha ganin uwa ta ruɗe ta kasa tuna kalar rigar da ita ta sa masa da hannunta.

Idan kun sa cigiya a Facebook ko WhatsApp, ku shirya wa 'yan damfara. Za su kira su ce yaro na hannunsu a turo kuɗi. Ku ce a ba shi waya ku ji muryarsa. In an ga yaro kuma a koma a goge, ko a rubuta an same shi.

Maman Amir, Ƙofar Ƙaura:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Goggo, na ji faɗanki kuma na ɗauka. Malam Mai Gadi, maganarka ta sa na yi shiru. A daren nan na gaya wa dattijon maganganu masu zafi, gobe in sha Allahu zan bi ta wurin in ba shi haƙuri, in kuma tsallaka in gaida mai shayi, don ko godiyar kirki ban yi masa ba.

Bikin ƙanena na nan bayan sallah, ni aka ba kama wuri. Na gaya wa Baban Amir, kafin mu biya ko sisi sai mai wurin ya kira masu gadinsa a gabanmu ya ba su izinin rufe get, ya nuna mana wanda za a nema idan ba ya nan, mai makirfo kuma a gaya masa cigiya na gaba da kowace waƙa. Ɗan Agaji, in ba damuwa, mutum biyu daga cikinku za mu roƙa su tsaya mana a ƙofa ranar. Ta ina ake bi a nema?